Horon Ma'aikata da Ruwan Ƙauyenmu

A shekarar 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya, wadda daga baya ta zama makarantar koyon aikin mulki ta Kongo. A nan ma'aikatan En'e suka koyi lissafin kuɗi da ajiye takardu.

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Idan ma'aji bai iya tsara kasafi ba, famfon ƙauye sai ya lalace ba kuɗin gyara, mata su koma ɗibar ruwan rafi. Amma horo kaɗai bai isa ba. Ma'aikaci yana bukatar shawarar mutanen da yake yi wa hidima.

Ku tattauna tare:
Wace bukata ce za mu fara kai wa kansilanmu?
Su wa za mu aika?