Yadda Ake Gyaran Kifi a Cikin Teku

Duk wanda ya zaga kasuwar Gwarzo ko ta Kabo zai tarar da kifi iri uku. Akwai ɗanye na madatsun ruwanmu, kamar Guzuguzu da Magaga, da babbar madatsar Challawa ta Karaye wadda aka gama a 1992. Akwai banda. Akwai kuma kifin ƙanƙara, wanda ake fito da shi daga kwali yana da tauri kamar dutse. Wannan na uku daga teku yake, ga shi kuwa tsakanin Ikko da Kano kaɗai tafiyar mil 700 ce ta hanyar jirgin ƙasa. To, yaya aka yi kifin da ya ƙetaro teku ya iso lafiya, alhali karfasar da aka kama da asuba a Guzuguzu kan soma wari kafin la'asar? Amsar ita ce, shi tun a inda aka kama shi aka gyara shi.

Da farko sai mu san abin da ke ɓata kifi. Abu uku ne. Na ɗaya, waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune cikin hanjinsa, da saƙo-saƙon kunnuwansa, da yauƙin jikinsa. Muddin yana da rai ba su da iko da namansa, amma da ya mutu sai su auka masa, zafi kuwa shi ke sa su hayayyafa. Na biyu, ruwan da ke narka masa abinci a ciki ba ya daina aiki don ya mutu, sai ya juya ya dinga cin cikin kifin kansa. Na uku, kitsensa, in ya daɗe yana shan iska, sai ya canza ɗanɗano. Kun ga ashe ɓacin kifi tun daga sa'ad da ya bar ruwa yake farawa.

Masuntan teku sun fi kowa shan wahalar wannan, domin sukan yi kwana da kwanaki ba su ga tudu ba. Mutanen Holan, tun kafin shekarar 1500, sun gane dabarar gyara kifinsu a cikin jirgi. Da an jawo taru sai a tsaga maƙogwaron kifin, a cire kunnuwa da sashen kayan ciki, a barbaɗe shi da gishiri, a jera cikin ganguna. Gishirin ya tsotse ruwan jikinsa, halittun nan su rasa abin rayuwa. Da wannan dabara jiragensu suka riƙa yin nisa, ƙasarsu ta yi arziki da cinikin kifi.

Daga baya aka sami hikimar sanyi. Wani Ba'amurke, Clarence Birdseye, ya zauna a Labarado, can arewacin Kanada, ya lura kifin da ya daskare nan take cikin tsananin sanyin ƙasar, in an narkar da shi kamar yanzu aka kama shi. Dalili kuwa, in kifi ya daskare a hankali, ruwan jikinsa kan zama manyan tsinken ƙanƙara, su kekketa naman. In ya daskare da sauri, ƙanana ne ƙwarai, ba su yi masa lahani. Wajen 1924 ya kafa sana'a a kan wannan. A 1954 kamfanin Salvesen na ƙasar Sikotlan ya fito da jirgi mai suna Fairtry, wanda ke jawo tarunsa ta baya, yana kuma ɗauke da injunan feɗe kifi da na daskarar da shi. Watau jirgi ya zama ma'aikata mai tafiya bisa ruwa.

Ga yadda aikin yake a irin jiragen da ke kama kifin da ake kawo mana. In taru ya cika, sai a zuƙo kifin a zuba cikin tankunan ruwan teku mai sanyi ƙwarai, don kada ya ji zafi ko kaɗan. Sa'an nan a ware shi, kowane iri da irinsa, manya dabam, ƙanana dabam. A jera shi tsakanin faifayen ƙarfe masu tsananin sanyi, cikin 'yan sa'o'i ya daskare ya zama curi guda. A sa a kwali, a kai rumbun jirgi, inda sanyi ya kai aƙalla digiri 18 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. A waɗansu jiragen akan feɗe kifin, a fid da tsoka zalla. Kai da ƙaya da hanji ba a zubarwa: a dafa, a matse mai, a busar da sauran a niƙa, ya zama garin abincin kaji da na kifin kiwo.

Sai dai ku lura da abu guda. Sanyi ba ya kashe halittun nan duka, barci kawai yake sa su. In kifi ya narke a mota ko a shago don rashin wuta, sai su farka su ci gaba da ɓarna, mayar da shi cikin ƙanƙara kuwa ba ya gyara abin da ya riga ya ɓaci. Saboda haka kwalin da ya jiƙe da jini, ko kifin da ya saki jiki, abin gudu ne.

To, mene ne namu a ciki, mu da ba mu da teku? Masuncin Guzuguzu ba shi da injin ƙanƙara a kwalekwalensa, amma dokar da ke kan babban jirgi ita ce a kansa. Ya riƙa duba kallinsa da wuri, kada kifi ya mutu ya daɗe a ruwa. Ya rufe abin da ya kama da jiƙaƙƙen buhu, a inuwa. Wanda ba za a sayar nan take ba, a fasa cikinsa a bakin ruwa, a wanke da ruwa mai tsabta, a sa gishiri, a ɗora bisa wutar banda ran nan, ba sai ya kwana ya rasa mai saye ba. Bandar kuma ta bushe har ciki. Kada a kuskura a yayyafa mata maganin ƙwari don tsoron tsutsa, gama guba ce ga mai ci.

Mu da za mu fita mu koyar, wannan darasi ne mai sauƙin nunawa. A samo tarwaɗa biyu da safe, a gyara ɗaya a sa mata gishiri a inuwa, a bar ɗaya yadda take a rana. Da yamma yara su duba idanunsu, da launin kunnuwansu, su latsa naman su ga wanne ke komowa. 'Ya'yan masunta na cikin ajin, su ne za su kai labari gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kifi ma tun yana motsi ake gyara shi.