Darasin Lafiyar Iyali: Yadda Ake Gadon Ciwon Talasimiya

Yawancinmu mun san amosanin jini, wato sikila. Darasin wannan wata a kan wani ɗan'uwansa ne da ake kira talasimiya. Wani likitan yara a Amurka mai suna Thomas Cooley ne ya bayyana shi a 1925. An fi samunsa a ƙasashen bakin Bahar Rum, da ƙasashen Larabawa, da Indiya. A ƙasarmu bai kai sikila yawa ba, amma akwai shi, kuma hanyar gadonsu ɗaya ce.

A cikin jini akwai wani jan abu da ke kai iska ga dukan jiki. Jikin mai talasimiya ba ya iya yin wannan abu yadda zai isa. Yaro yakan zo duniya lafiya lau. Bayan kamar wata shida sai ya fara yin fari fat, ya ƙi girma, saifarsa ta kumbura. In ciwon mai tsanani ne, sai an riƙa yi masa ƙarin jini kusan kowane wata.

To, daga ina yake zuwa? Kowane mutum yana ɗauke da iri biyu na yin jini, ɗaya daga uwarsa, ɗaya daga ubansa. Wanda ya sami iri mai kyau ɗaya da mai rauni ɗaya, lafiyarsa ƙalau. Yana noma, yana ɗaukar kaya, watakila har ya tsufa bai sani ba. Sai dai yana iya miƙa mai raunin ga ɗansa. Ciwon yakan fito ne sa'ad da yaro ya karɓi mai rauni daga uwa, ya kuma karɓi mai rauni daga uba. Saboda haka mutumin da ya ce matarsa ce ta kawo ciwo gidansa, har yana neman korarta, bai faɗi gaskiya ba. Rabin gadon nasa ne. Ba maita ba ce, ba kuwa hukuncin zunubi ba. A duba amsar da Yesu ya ba almajiransa a kan wanda aka haifa makaho, a Yohanna sura 9.

Ga abin da za ku gwada a taron zumuntar mata ko na matasa. A kawo ƙwarya biyu, ta uba da ta uwa. A zuba farin wake 20 da jan wake 20 a kowace, a gauraya. Jan shi ne iri mai rauni. Mutum ɗaya ya rufe ido, ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga kowace ƙwarya. Wannan haihuwa ɗaya ke nan. A rubuta abin da ya fito, a mayar da waken, a sake. In kun yi sau 40, za ku ga ja biyu sun fito wajen sau 10, fari biyu wajen sau 10, fari da ja wajen sau 20. Wato a kowane ciki, rabon yaro ya kamu ɗaya ne cikin huɗu.

Ku lura da mayar da waken, gama nan mutane suke ruɗewa. Wani ya ce, tun da na fari ya kamu, uku na baya za su tsira. A'a. Kowane ciki sabon ɗauka ne. Ja biyu suna iya fitowa sau uku a jere. Auren zumunci kuma yana ƙara haɗarin, domin 'yan'uwa sukan gaji iri guda daga kaka ɗaya.

Akwai abin da ya shafe mu ƙwarai. Irin talasimiya yana iya haɗuwa da irin sikila, yaro ya yi ciwo irin na sikila. Gwajin jini na yau da kullum kuwa yakan nuna mai ɗauke da talasimiya a matsayin AA. Sai ka ga miji AA, mata AS, ga ɗa yana fama, miji ya fara zargin matarsa. Kafin maganar ta kai gaban dattawan ikkilisiya, a koma babban asibiti a roƙi a auna HbA2 a jinin mijin. Haka nan wanda aka daɗe ana ba shi maganin ƙarin jini amma jinin bai ƙaru ba, ya tambayi likita ko wannan ne.

A tsibirin Kubrus, wajen mutum ɗaya cikin bakwai yana ɗauke da irin. Daga 1983 ikkilisiyar can ta soma neman takardar shaidar gwaji kafin ɗaurin aure. Ba a hana kowa aure ba, an dai so su sani tukuna. Haihuwar yara masu ciwon ta ragu ƙwarai.

Ku tattauna: a ikkilisiyarku, yaushe ake tura masu neman aure gwaji, kafin a kai kayan tambaya ko bayan an sa rana? In sakamako ya fito da nauyi, wa zai zauna da su?