Kafin Mu Yarda, Mu Ƙirga

A darasin lissafi mun koyi yadda ake auna yiwuwar faruwar abu. Idan muka cilla kwabo sama, damar ya faɗi ta kowace fuska 1 ce cikin 2. Wannan ilimi zai iya kare mu daga jita-jita. Ga kurakurai uku da ya kamata mu lura da su.

Na farko shi ne ɗaukar abin da ya riga faruwa a matsayin dalili. A 2014 cutar Ebola ta shigo Legas. A watan Agusta saƙo ya bazu ta waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Mutane da yawa suka tashi cikin dare suka yi. Daga baya wasu suka ce, "Ai mun yi wanka, shi ya sa ba mu kamu ba." To amma waɗanda ba su yi ba, su ma ba su kamu ba, domin cutar ba ta iso Kano ba. Mutum 20 ne suka kamu a duk Nijeriya, a Legas da Fatakwal. Gishirin kuwa ya kwantar da wasu a asibiti, har aka rasa rayuka.

Na biyu shi ne zaton cewa abin da ya wuce yana bin na gaba bashi. Mukan ji an ce, "Ta haifi mata uku, wannan karon tilas namiji ne." Ba tilas ba ne. A kowace haihuwa damar kusan rabi da rabi ce, kamar kwabon da ba ya tuna faɗuwarsa ta baya. Allah ne mai bayarwa, kuma bai kamata a zargi uwa ba.

Na uku shi ne yanke hukunci da misali ɗaya. A kasuwar Dawanau da ke ƙaramar hukumarmu, mai sayen hatsi ba ya duba saman buhu ɗaya ya biya kuɗin mota guda. Sai ya ɗiba daga buhuna daban-daban ya gani. Haka mu ma, idan ɗan wani gari ya cuce mu, kada mu ce duk 'yan garin macuta ne.

Saboda haka, idan mun ji magana mu yi tambaya uku: Mutum nawa aka gwada? Me ya faru da waɗanda ba su yi ba? Wa ya faɗa? Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Tambayar mako: a ce hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta sanar cewa damar saukar ruwa gobe kashi 70 ce cikin 100, sai gari ya waye ba a yi ruwa ba. Shin ta yi ƙarya? Ku rubuto amsa tare da dalili, ku miƙa wa kulob ɗinmu kafin ranar Juma'a.