Usur Ɗina Yana Nan a Akwati

Ɗana, mahaifiyarka ta ce mini tun da ka gama bautar ƙasa kullum kana bakin tasha, kai da waya, kana jiran aikin Abuja. Allah Ya kawo mai albarka. Amma kafin ya zo, ina so ka je wurin shugaban 'yan agaji ka ba da sunanka.

Na san abin da ke bakinka: babu ko sisi a ciki. Haka ne. Lokacin da na shiga agajin Jama'atu Nasril Islam, ƙungiyar da aka kafa a Kaduna a 1962 zamanin Sardauna, da kuɗina na ɗinka kaki, na sayi usur. Ranar Idi kana tsaye cikin rana kana gyara sahu, wani ya gode, wani ya harare ka don ka hana shi ajiye babur a kan hanya.

Ladan yana wurin Allah, ban isa in ƙirga shi ba. Abin da na gani da idona zan faɗa maka. Jirgin ƙasan nan mai tasha a Jere sai a 2016 ya fara aiki. A da kowa titin Kaduna zuwa Abuja yake bi. Wata rana da damina motar haya ta kife kusa da gari. Na isa jikina na rawa. Wani dattijo da ya sami horo a Red Cross ya kama hannuna ya ɗora a kan cinyar wani yaro, ya ce, "Danna nan, kada ka ɗaga, kada kuma kowa ya ba shi ruwa." Na naɗe hulata na danne wurin har asibiti. Yaron ya rayu. Daga ranar jini bai sake ruɗa ni ba. Shi ya sa da yayanka ya sare ƙafa da fartanya a gonar citta, mata na ta salati, ni na san inda zan sa hannu.

Sai kuma jama'a. A wurin haɗari ba a tambayar mutum masallaci yake zuwa ko coci. Akwai wani manomi ɗan Gbagyi da muka ciccibi mutane tare a ranar nan; har yau duk kaka sai doyarsa ta shigo gidana, ni ma ba a suna ko biki a gidansa babu ni. Iyayenmu da gayya suke ƙulla irin wannan zumunci, ku kuwa na ga alama gayyar ta koma cikin waya.

Barci ma daban yake. Wanda ya yini yana jira ba ya kwana kamar wanda ya yini yana amfani.

Ranar Asabar bayan la'asar 'yan agaji suna atisaye a filin firamare. Ka biyo ta gida ka karɓi usur, yana nan a akwati. Kakin dai ba zai shige ka ba, ka fi ni tsawo.