Daga ƙasan teku zuwa batirin waya: yadda ake narka dunƙulen manganis

A ƙasan tekun Fasifik, a yankin Clarion-Clipperton da ke tsakanin Hawaii da Meziko, akwai wasu baƙaƙen duwatsu masu kama da dankali a zurfin fiye da mita 4,000. Manganis ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na cikinsu. Nikel da jan ƙarfe kowanne ya ɗan haura kashi 1, kobalt kuwa, wanda batirin waya ke buƙata, kusan kashi 0.2 ne kawai.

Sai an busar da su tukuna, don sun sha ruwa sosai. Sannan a haɗa da gawayi a zuba a tanderun lantarki mai zafin kusan digiri 1,400. Nikel da jan ƙarfe da kobalt su narke su kwanta ƙasa, manganis ya tsaya a dattin sama.

Mai ɓata lissafi shi ne baƙin ƙarfe, domin shi ma ƙasa yake bi, ya gauraye da abin da ake nema. Duwatsun tsibiran Cook sun fi kobalt, amma baƙin ƙarfensu ya yi yawa, tace su ya fi cin wuta da kuɗi. In kuma gawayi ya zarce, har manganis ɗin yakan biyo su ƙasa.