Intanet a Gaban Mota: Jan Hankali ga Masu Kwana a Hanyar Funtuwa da Malumfashi

Da zarar masara ta bushe aka fara casa a kudancin Katsina, akwai mutanen da gidansu kan koma gaban mota. Mai Kanta da ke lodi a Ɗandume, yaron alhaji da aka turo daga Dawanau ya bi kasuwanni yana awon dawa da waken suya, mai injin casa da ke bin gonaki daga Bakori zuwa Ƙafur, sannan in rani ya kama, direban J5 da ke ɗibar tumatir a Ɗanja. Cikin mota suke kwana, nan buta take, nan darduma da bargo, wani sai ya kwana biyu iyalinsa ba su sa shi a ido ba. A Amurka da Turai ana samun masu mayar da mota ɗaki don sha'awar yawon duniya. A nan neman halali ne ya jawo, amma buƙatar ɗaya ce: intanet da ba za ta cinye riba ba, kuma ba za ta gudu a lokacin da ake nemanta ba.

Kafin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, fatake da yawa sun ɗauki data abin samari. Wannan wahalar ce ta koya wa kowa taransifa. Yau manomi ba ya sakin buhu sai ya ga kuɗi sun shiga, mai kaya a Kano yana son hoton ƙwayar masarar kafin ya ce a saya, farashi kuma yana iya sauyawa tsakanin azahar da la'asar. Mutanen yankin sun riga sun ɗanɗani rashin sabis gaba ɗaya: a watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, aka shafe watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya iya buga waya.

Mai wannan rubutu aikinsa ke nan a Funtuwa: gyaran waya, saita na'urorin intanet, da haɗa wa direbobi da masu POS abin caji a mota. Ƙorafin da ya fi ji a shagonsa kusan kalmominsa ɗaya ne. Direba zai miƙo waya ya ce, “Malam, duba mini, sabis a cike amma ba ta tafiya.” Wani kuma, “Oga, jiya na sa data, yau an ce ta ƙare.” Dukansu suna zuwa da shawarar da suka riga suka yanke, wato su sayi data mai yawa ko su sauya layi. A mafi yawan lokuta ba can matsalar take ba.

A fara da motar kanta. Jikinta ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana tare igiyar sadarwa, sai abin da ya samu kafa ta gilashi. Wanda ya kwanta a bayan J5 tsakanin buhuna, waya a kan ƙirji, ya sa kansa a wurin da ya fi ko'ina munin sabis a duk filin. Hatsin ma yana ragewa, musamman wanda bai gama bushewa ba. Abin da marubucin kan yi wa irin wannan direba ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: a sa layin data a cikin 'yar na'urar MiFi ko a tsohuwar waya mai iya rarraba intanet, a maƙala ta a jikin gilashi ta ɓangaren da ke kallon gari, inda turken sadarwa yake, shi kuma ya kwanta inda ya ga dama, wayarsa ta riƙa ja daga gare ta. In an ɗaga ta sama, a kan kaya ko a jikin sanda, ya fi. A ƙasar da take shimfiɗe irin ta tsakanin Malumfashi da Dayi, ɗagawar kamu uku ko huɗu tana iya bambanta saƙon da ya tafi da wanda ya maƙale.

Sai dai a nan ne kuma ake kashe na'urori. Direba ya ji an ce gilashi, sai ya ɗora MiFi a kan dashbod ya rufe mota ya tafi cin kasuwa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin waje kan kusanci digiri 40, cikin motar da aka rufe ya wuce haka nesa ba kusa ba. Na'ura in ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, batirinta kuma ya kumbura. Duk batirin da ya turo murfi waje a cire shi, domin yana iya kamawa da wuta, kuma ba a son haka a motar da ta ɗauko auduga. Gilashin da ke inuwa ake nema, ko a bari sai rana ta sauka.

Shi kuwa “sabis a cike” yaudarar ido ce. Sandunan da ke saman waya ƙarfin muryar turke suke nunawa, ba yawan masu magana da shi ba. Turke kamar rijiya ɗaya ce a unguwa: ruwan da ya wadaci mutanen gari ranar da ba kasuwa, ba zai wadatar ba ranar da dubban baƙi suka sauka, kowa da gugansa. Shi ya sa a Ɗandume ko Sheme taransifa kan yi ta juyi da tsakar rana, amma da asuba ta wuce nan take. Wanda ke da hotuna ko bidiyon kaya da zai aika, ya aika bayan sallar asuba ko bayan kasuwa ta watse. In kuma biyan kuɗi ne ba ya jira, akwai hanyar da ba ta neman data ko kaɗan, wato lambobin banki da ake dannawa, irin *894# na First Bank, *919# na UBA, *901# na Access da *966# na Zenith. Suna aiki ko a ƙaramar waya, ko inda 2G kaɗai ke kamawa. Ana cirar ɗan kuɗi kan kowane amfani, amma bai kai asarar kwana ɗaya na mota a tsaye ba. Da su ne kuma ya kamata mai sayarwa ya duba asusunsa da kansa, maimakon ya yarda da alat ɗin da aka nuna masa a wayar mai saye.

Tambayar “wane layi ya fi?” ba ta da amsa ɗaya, kuma duk wanda ya ba da amsa ɗaya yana faɗar labarin unguwarsu ne. Layin da ke gudu a shataletalen Funtuwa yana iya yin shiru bayan Tsiga, wani kuma ya farfaɗo a nan. Mai yawo yana buƙatar layuka biyu na kamfanoni daban, ɗaya ya ɗauki datar wata, ɗayan a bar shi da ɗan kati, a saya masa ta kwana ɗaya ko ta mako ranar da na farko ya gaza. Wannan ya fi sauƙi nesa da sayen datar wata a duka biyun. Ba kullum dabarar ke ci ba, gaskiya: kamfanoni irin su IHS kan gina turke ɗaya su ba layuka da dama haya, don haka in janareton turken ya tsaya, ko masu aikin hanya suka tsinke wayar da aka binne a ƙasa, layukan kan ɗauke tare. Amma a yawancin ranaku, layi na biyu ne ke fid da mutum kunya. Masu shayi da masu POS na kowace tasha sun san layin da ke kamawa a wurinsu fiye da kowane talla, kuma tambayarsu kyauta ce.

Akwai wani abu da masu saye ba su cika dubawa ba. 4G ba zango ɗaya ba ce. Akwai zangon ƙasa, 700 da 800, wanda ke tafiya nesa ya ratsa bishiyoyi da katanga, shi ne abokin mutumin ƙauye. Akwai na sama, 1800 da 2600, mai gudu amma gajeren zango, wanda ya fi amfani a cikin gari. Glo na amfani da 700, wanda a jikin kwalin waya ake rubuta shi B28, MTN kuma na da 800, wato B20. Wasu wayoyi da MiFi 'yan gwanjo da aka ƙera don wata ƙasa ba su da waɗannan. A cikin Funtuwa sai su yi aiki lafiya lau, a fita kilomita kaɗan su koma 3G ko su yi tsit, mai su ya yi ta zagin kamfani. Kafin a biya kuɗi a duba kwali, ko a sa wanda ya iya ya duba. A tambaya kuma ko na'urar a kulle take ga layi ɗaya, domin kullalliya ta fi araha amma ta rushe dabarar layi biyu. Batun 5G kuwa, wanda ya shigo Najeriya a 2022, ba shi ne zai sa mai kwana a bakin gona ya ƙara kuɗin waya ba tukuna.

Yanzu ga ɓarawon data. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara farashi da kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025, kowa ya ji a jikinsa. Amma idan marubucin ya buɗe wayar mai ƙorafi ya shiga inda take nuna abin da kowace manhaja ta ci, da wuya a ga harkar kasuwa a sama. Saƙon murya da hoton buhu da taransifa, duk a haɗa na wata guda, abu ne kaɗan. Bidiyo ne ke kwashewa: awa ɗaya na bidiyo mai kyan hoto yana iya haura gigabait 1. Daren tasha dogo ne, mutum shi kaɗai, TikTok da Facebook kuma ba sa gajiya. Ba wanda zai hana direba kallo, sai dai a yi shi da lissafi. A hana WhatsApp sauke bidiyon zaurukan hira da kansa, a rage kyan hoton bidiyo, a kashe sabunta manhajoji ta hanyar data. Wa'azi da karatu da finafinan da ake so, a tura su a memori tun daga gari.

Wani tarkon yana tattare da MiFi ɗin kansa. Waya in ta haɗu da shi, ɗauka take ta samu intanet na gida marar iyaka, sai ta saki jiki ta fara sabunta komai da tura hotuna ma'ajiyar intanet. Dole a shiga saiti a gaya mata wannan haɗin na awo ne. Ga kuma yaran mota da abokan tasha: lambar sirri in ta shiga hannun mutum ɗaya, kafin gari ya waye ta zaga motoci biyar. A sauya ta lokaci-lokaci, ba rowa ba ce.

Tun 2023 lambobin dubawa sun zama iri ɗaya a dukan layuka: *312# don sayen data, *323# don ganin abin da ya rage, *310# don duba ragowar kati. A yawancin tsarin wata-wata, in aka sabunta kafin wa'adi ya cika, ragowar tana bin sabuwar. In aka bari ya wuce, tana iya tafiya.

Wuta ma sai an kula. Ƙananan motoci bolt 12 suke, manya da yawa 24, cajar da ba ta dace ba kuwa takan ƙone ta tafi da waya. Yin caji dare guda daga batirin motar da aka kashe shi ne ke sa a wayi gari ana neman masu turi. Fawa bank mai kyau da aka cika lokacin da injin ke aiki, ko ƙaramin faifan sola a kan rufi, ya wadatar da waya biyu da MiFi.

Direbobi kan tambayi Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, wadda ta fara aiki a Najeriya a watan Janairu na 2023. Tana aiki inda babu turke ko ɗaya, muddin sama a buɗe take. Amma kayanta dubban ɗaruruwan naira ne, ga kuɗin wata, ga cin wuta, kuma tsarin yawo daban yake da na gida. A ganin marubucin, ta dace da ƙungiyar 'yan kasuwa ko babban sito inda mutane da yawa za su raba nauyi, ba mai J5 ɗaya ba. Farantinta fari a kan mota a dajin Faskari ko Sabuwa kuma jan ido ne da ba a buƙata. Haka nan kada neman sabis ya sa mutum ya tsaya shi kaɗai a kan tudu da dare. Gara saƙo ya kwana. Su kuma na'urorin ƙara ƙarfin sabis da ake tallatawa, NCC ta hana amfani da su ba da izini ba, domin suna dagula wa maƙwabta layi.

Layin ajiyar nan na biyu yana da nasa sharaɗi. Ya zama da sunan mai shi aka yi masa rajista, an haɗa shi da lambar NIN ɗinsa, ba wanda aka saya a bakin titi da rajistar wani ba. Kuma a riƙa taɓa shi, ko da kiran minti ɗaya ne a wata, domin layin da aka yi watsi da shi tsawon lokaci kamfani kan karɓe ya sayar wa wani, in kuwa asusun banki na jingine da shi, saƙonnin kuɗi wajen baƙo za su koma. Wanda aka cire wa kuɗi ba bisa ƙa'ida ba ya fara kiran 300, lambar kula da masu hulɗa ta kowane layi, ya rubuta lambar ƙorafin da aka ba shi. In ba a warware ba, ya kira NCC a 622, kyauta ne, kuma lambar ƙorafin nan za su fara tambaya.