Yaya waya take sanin an taɓa ta?

A kasuwannin Magarya da Dungas, ƴan kasuwa da yawa suna ciniki da wayar salula marar maɓallai. Gilashinta kawai suke taɓawa da yatsa.

A ƙarƙashin gilashin akwai siraran layuka waɗanda ido ba ya gani, a giggicce kamar saƙar tabarma. Suna riƙe da ƴar wutar lantarki. Jikin mutum yana da ruwa da gishiri, shi ya sa lantarki yake iya bi ta cikinsa. In yatsa ya taɓa gilashi, sai ya janye kaɗan daga wutar, kamar an ɗebi ruwa a randa. Ƙarfin wutar, wanda ake aunawa da bolt, sai ya ragu a wurin. Wata ƴar na'ura tana ta auna shi, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Inda ya ragu, nan yatsa yake.

E. A. Johnson, mutumin Ingila, ya bayyana wannan dabara a 1965.

Mu gwada
Ku taɓa gilashin da busasshen karan gero, sannan da yatsa.

Tambayoyi
1. Me ya sa kara bai motsa kome ba?
2. Me na'urar take aunawa?